Hular kwano da sababbin dokoki: shin ƙwallon zari-ruga ta Amurka ta daina lalata ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, ina zaune a Amurka da iyalina. Ɗana mai shekara 13 ya matsa mini lamba sai na sa hannu ya shiga ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta makarantarsu. Na sha jin labarin tsofaffin 'yan wasan gasar NFL da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu bayan sun yi ritaya, amma yaron ya ce wannan tsohon zance ne, yanzu an inganta hular kwano, an kuma sauya dokoki. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Malam, yaron naka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo maka. An gyara abubuwa da yawa a NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, daga 2010 zuwa yau, kuma gyaran na gaske ne. Amma ciwo iri biyu ne a cikin wannan wasa, mutane na cuɗanya su wuri guda. Akwai buguwar da kowa ke gani a talabijin, wadda ɗan wasa zai faɗi, ya tashi yana tangaɗi, a fita da shi. Wajen gano irin wannan da kula da mai ita an ci gaba ƙwarai. Sannan akwai ƙananan gware da ake yi ɗaruruwa a kowace kakar wasa, waɗanda ba sa kayar da kowa, alƙalin wasa ba ya busa usur dominsu, babu kuma littafin da ake rubuta su. Binciken 'yan shekarun nan a kansu ya fi ɗora alhakin lalacewar ƙwaƙwalwa ta dogon lokaci, kuma har yau ba a ƙera hular da ta raba mutum da su ba.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai, ba a ɗaure take tamau ba. Ka saka awara a kwano mai murfi da ɗan ruwa a ciki, ka naɗe kwanon da bargo, ka wurga shi ya tsaya farat ɗaya. Kwanon ba zai lotsa ba, amma awarar sai ta motsa, ta daki gefe, ta murɗe. Aikin hular kwano ke nan da iyakarta. An yi ta ne don hana fashewar ƙashin kai da zubar jini, kuma a nan ta cika aikinta. Motsin da ke faruwa a ciki kuwa, iyakacinta ta rage shi. Bugun da ya fi ɓarna shi ne wanda ke juya kai gefe da sauri, domin shi ke miƙar da siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ma ba lalle sai an taɓa kan ba. A bangaji mutum a ƙirji da ƙarfi har kansa ya fizga, ya wadatar.

Da zarar zaruruwan nan sun miƙe, sai sinadaran ƙwayar su hargitse. Fotasiyam ya fice, kalsiyam ya kwararo ciki, ƙwayar ta shiga neman makamashi mai yawa don ta mayar da kowanne mazauninsa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo mata abinci ya ragu. Wannan giɓi tsakanin abin da take buƙata da abin da take samu shi muke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Yawancin manya sukan warware cikin kwana 10 zuwa 14, yara kuwa yakan kai su mako huɗu. Hoton kai da ake ɗauka a asibiti galibi ba ya nuna komai, domin ba wani abu ne ya fashe da ido zai gani ba. Kuma kusan mutum 1 ne cikin 10 ke suma. Ina so ka riƙe wannan da kyau, saboda babu maganar da ta fi jefa yara cikin haɗari kamar "ai bai suma ba." Sauran taran abin da za ka gani a gare su shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gudun haske, kallon da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko maimaita tambaya guda sau uku. A cikin waɗannan kwanaki ƙwaƙwalwa a raunane take. Idan aka sake bugunta kafin ta murmure, jinyar takan yi tsawo, kuma a wasu lokuta, musamman ga matasa, takan kumbura nan take har a rasa rai. Abin ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa.

Amurkawa sun daɗe da sanin wasan nasu yana da haɗari. A 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya ce su gyara. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a rage cunkushewar ƙarti wuri guda. A 1943 NFL ta wajabta sa hula, daga baya ta fata ta ba da wuri ga ta roba mai tauri. Nan aka samu abin da ba a zata ba: da 'yan wasa suka ji kansu a kare, sai suka mayar da shi makami, suna sunkuyar da kai su soki abokin karawa da tsakar hula. Karyewar wuya da shanyewar jiki suka yawaita. Sai da hukumomin wasannin makarantu da jami'o'i suka haramta wannan salo a 1976 sannan adadin masu shanyewa ya faɗi sosai. Tun daga lokacin aka ga cewa sauya yadda ake buga wasan ya fi ƙara kaurin hula amfani.

Labarin da kake ji na tsofaffin 'yan wasa kuwa ya samo asali ne daga gawar wani mutum guda da wani likita ɗan Nijeriya. Mike Webster ya yi kaka 17 a NFL, 15 daga ciki a ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya ci kofin Super Bowl sau 4. Matsayinsa a fili shi ne tsakiyar sahun gaba, inda ake gware a kusan kowane tashi. Bayan ya yi ritaya rayuwarsa ta wargaje: mantuwa, fushi marar dalili, rabuwar aure, kwana a cikin mota. Ya rasu a Satumbar 2002 yana da shekara 50, sanadin ciwon zuciya. Likitan da aka ba binciken gawarsa a ofishin binciken gawa na Pittsburgh shi ne Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka a 1994. Da ya buɗe kan, ƙwaƙwalwar lafiya lau a ido. Da wani likitan ne, da nan ya rufe. Shi kuwa ya ce mutumin da ya yi irin wannan rayuwa ba zai yiwu a ce babu komai ba. Ya adana ƙwaƙwalwar, ya sa aka yanka ta siri-siri aka rina, ya duba a madubin likita, sai ga tarin wani furotin mai suna tau ya dunƙule a wurare da dama, abin da ba a tsammani ga mai shekara 50. A 2005 ya buga sakamakon a mujallar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ce cutar CTE ce, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali sakamakon bugu a kai a kai.

Don a yi adalci, ba shi ya fara gano cutar ba. Tun 1928 wani likita a jihar New Jersey, Harrison Martland, ya bayyana ta a jikin 'yan damben zamani waɗanda ke tafiya kamar mashaya, kuma sunan CTE ya girmi Omalu da shekaru masu yawa. Akwai ma abokan sana'arsa da ke ganin daga baya ya riƙa zuzuta wasu abubuwa fiye da inda hujja ta tsaya. Abin da ba a ja da shi a kai shi ne, shi ya fara nuna ta a ƙwaƙwalwar ɗan wasan NFL, ya kuma tsaya a kan bakansa lokacin da aka yi masa ca.

An kuwa yi masa. NFL tana da kwamiti kan raunin ƙwaƙwalwa tun 1994, amma wanda aka ɗora a kansa, Elliot Pellman, likitan ciwon gaɓoɓi ne, kuma likitan ƙungiyar New York Jets. Kwamitin ya riƙa buga maƙaloli da ke cewa mayar da ɗan wasa fili a ranar da ya bugu ba wani babban haɗari ba ne. Uku daga cikin mambobinsa suka rubuta wa mujallar cewa a janye aikin Omalu. Ba a janye ba, ya ma ƙara da na biyu a 2006 kan Terry Long, shi ma tsohon ɗan Steelers. Daga baya aka gano cewa tun 1999 hukumar fanshon 'yan wasan NFL ta amince da cewa wasa ne ya lalata ƙwaƙwalwar Webster, har ta ba shi kuɗin nakasa. A 2016 kuma jaridar New York Times ta bankaɗo cewa an bar girgiza sama da 100 a waje daga alƙaluman da kwamitin ya gina bincikensa a kansu. A Oktobar 2009 majalisar wakilai ta gayyaci shugaban gasar, Roger Goodell, inda 'yar majalisa Linda Sánchez ta kwatanta halin NFL da na kamfanonin taba sigari. Duk da haka sai a Maris 2016 wani babban jami'in gasar, Jeff Miller, ya furta a gaban 'yan majalisa cewa lallai akwai alaƙa tsakanin wasan da CTE.

Kafin nan an yi asarar rayuka da suka girgiza jama'a. Tsohon ɗan wasa Dave Duerson ya kashe kansa a 2011, ya bar wasiyya a kai ƙwaƙwalwarsa wurin masu bincike. Junior Seau, wanda ya yi kaka 20 yana tashe, ya bi bayansa a 2012 yana da shekara 43. Dukansu an samu cutar. Tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500 suka maka NFL a kotu. A 2013 aka yi sulhu kan dala miliyan 765, alƙaliya Anita Brody ta kotun tarayya da ke Philadelphia ta ce kuɗin ba lalle su isa ba, aka cire iyaka, ta amince a 2015. An riga an biya fiye da dala biliyan 1, amma NFL ba ta amsa laifi ba. Wani abin takaici ya sake ɓullowa a cikin biyan diyyar: ma'aunin da ake gwada kaifin tunani da shi ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali yana farawa ne daga ƙasa, don haka sai ya nuna lalacewa fiye da ta farar fata kafin a biya shi, alhali baƙaƙen fata ne mafi yawan 'yan wasan. Tsofaffin 'yan wasa Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020, a 2021 aka amince a daina.

Yanzu ga wurin da nake so ka yi taka-tsantsan, domin alƙaluman da ke yawo suna iya firgita mutum fiye da kima. A 2017 ayarin Dakta Ann McKee na Jami'ar Boston ya ba da rahoton cewa cikin ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan NFL da suka bincika, 110 na da CTE. A 2023 adadin ya kai 345 cikin 376. Wannan ba ya nufin kashi 90 ko 99 cikin 100 na 'yan wasa na ɗauke da cutar. Iyalai ne ke ba da ƙwaƙwalwar mamacinsu, kuma wanda ya ga mahaifinsa ya rikice shi ya fi kai ta. Wanda tsohonsa ya rasu da hankalinsa garau ba kasafai yake tunanin haka ba. Su kansu masu binciken sun faɗi wannan. Har ila yau ba a iya tabbatar da CTE sai bayan mutuwa, babu gwajin jini ko hoton da zai ce wa mai rai yana da ita. Binciken da hukumar lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2012 kan tsofaffin 'yan wasa 3,439 ya fi ba da hoto mai daidaito: gaba ɗaya ba sa mutuwa da wuri kamar sauran maza sa'o'insu, amma mutuwa ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kusan sau 3. Tsoron kansa ma ya zama ciwo. Wani binciken Jami'ar Harvard na 2024 kan tsofaffin 'yan wasa kusan 2,000 ya nuna kashi ɗaya cikin uku sun yi imanin suna da CTE, kuma su suka fi yawan tunanin kashe kai, alhali da yawansu na fama da abubuwan da ke da magani kuma suke kawo mantuwa, irin su hawan jini, ɗaukewar numfashi cikin barci da ciwon damuwa.

To me ke sa wani ya kamu wani ya tsira? Abin da hujja ta fi nunawa shi ne yawan bugun da aka tara. Binciken Boston na 2019 ya gano cewa kowace shekara guda ta wasa tana ƙara yiwuwar kamuwa da kusan kashi 30 cikin 100, wato tana ninkawa duk bayan shekara 2.6. Wani na 2023 kan ƙwaƙwalwa 631 ya fi wannan muhimmanci a wurina. Sun duba sau nawa aka taɓa cewa mutum ya samu girgiza, suka ga wannan adadi ba ya hasashen wanda zai kamu. Abin da ke hasashe shi ne jimillar ƙarfin duk bugun da kansa ya sha tsawon rayuwar wasansa, manya da ƙanana. An saka na'urori cikin hulunan 'yan wasan jami'a, aka ga wasu na shan bugu sama da 1,000 a kaka guda, kuma 'yan sahun gaba, ƙarti masu nauyin kilo 140 da ke haɗa kai a kowane tashi, su suka fi kowa, ko da yake ba su aka fi gani suna faɗuwa ba. Ɗan wasa na iya gama aikinsa ba a taɓa fitar da shi fili don girgiza ba, a kuma samu cutar a kansa.

Da wannan ma'auni nake auna gyare-gyaren NFL. Ta fannin gano girgiza, an yi aiki. Bayan da aka mayar da Colt McCoy na Cleveland Browns fili a Disambar 2011 ba tare da an duba kansa ba, aka sa jami'an lafiya a saman filin wasa suna bin hotunan bidiyo. A 2013 aka kawo likitocin ƙwaƙwalwa waɗanda ba ma'aikatan ƙungiya ba ne su tsaya a gefen fili. A 2015 aka ba jami'an lafiyar da ke kallo daga sama ikon tsayar da wasa. Wanda aka tabbatar ya samu girgiza ba ya komawa ranar, sai ya bi matakai 5, daga ɗan motsa jiki zuwa cikakken atisaye, sannan likita mai zaman kansa ya sa hannu. An haramta sunkuyar da kai a soki mutum da hula a 2018, ana kuma gwada huluna a ɗakin bincike kowace shekara a hana waɗanda suka gaza. A 2017 an ƙirga girgiza 281, a 2024 aka samu 182, mafi ƙaranci tun da aka fara wannan ƙidaya a 2015.

Amma tsarin ya dogara da mutane, mutane kuwa suna da abin da suke karewa. Ranar 25 ga Satumbar 2022 aka tura Tua Tagovailoa, mai jefa ƙwallo na Miami Dolphins, ƙeyarsa ta daki ƙasa a wasa da Buffalo Bills. Ya tashi ya yi tangaɗi a gaban miliyoyin masu kallo. Aka shiga da shi, aka ce ciwon baya ne, ya dawo ya ƙarasa wasan. Bayan kwana 4 aka sake maka shi da ƙasa a Cincinnati, ya kwanta yatsunsa a sandare a gaban fuskarsa, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta sallami likitan waje da ya duba shi a karon farko, aka kuma gyara doka: duk wanda ya yi irin wannan tangaɗi ya gama wasa ranar, ko me aka ce ya jawo. Ya sake samun girgiza a Disambar shekarar, da kuma Satumbar 2024. Su ma 'yan wasan suna ɓoyewa, kuma ba wauta ce ke sa su ba. Matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara 3 da 'yan kai ba, kwantiragin da yawansu ba shi da cikakken lamuni. A 2012 Alex Smith na San Francisco 49ers yana cikin ganiyarsa ya faɗi gaskiya cewa ganinsa ya dushe bayan wani bugu. Kafin ya warke an ba Colin Kaepernick gurbinsa, bai sake karɓa ba. Duk ɗan wasan da ya ga haka ya ɗauki darasi. Saboda haka adadin 182 na waɗanda aka gano ne.

Gyaran da na fi ba muhimmanci ba su ne ake yayatawa ba. Yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta hana atisayen karo sau biyu a rana, ta taƙaita atisaye da cikakkun kayan karo zuwa 14 a tsawon kaka. Wannan ya rage bugu dubbai da babu mai ƙirga su. Haka sauya tsarin bugun buɗe wasa, wanda a da ƙarti ke sheƙowa a guje daga nesa su yi karo. A 2024 aka matso da sahun biyu kusa da juna, aka hana su motsi sai ƙwallo ta sauka. Ita kuwa rigar soso da ake ɗora wa hula, mai suna Guardian Cap, wadda aka wajabta wa wasu 'yan wasa a atisaye daga 2022 aka kuma halatta a wasa a 2024, NFL ta ce ta rage girgiza da kusan rabi ga waɗanda suka sa ta a atisayen share fage. Wani bincike mai zaman kansa kan ɗaliban sakandare a jihar Wisconsin bai ga bambanci ba, ko da yake samfurin da ɗalibai ke sawa ba irin na NFL ba ne. Ni dai ba zan gina shawara a kanta ba. Kuma a lura, gasar da ke cewa tana rage bugu ita ce ta ƙara wasannin kaka daga 16 zuwa 17 a 2021, ana kuma maganar 18. Harkar da ke kawo sama da dala biliyan 20 a shekara ba za ta rage wasa don raɗin kanta ba.

Kada kuma mu ɗauka matsalar Amurkawa ce kaɗai. Wani babban bincike a Glasgow a 2019 ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa na Sikotland sun fi sauran jama'a mutuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa kusan sau 3 da rabi, abin da ya sa hukumomin ƙwallo a Birtaniya suka fara taƙaita buga ƙwallo da ka ga yara. Damben gargajiya namu ma, inda ake neman kisa da hannu guda naɗe da igiya, ƙwaƙwalwar ɗan damben da aka kayar irin wannan girgiza take sha, kuma zuba masa ruwa ya miƙe ba ya nufin ta warke.

Mu dawo kan yaronka. Duk abin da na lissafa na likitoci da masu kallon bidiyo na NFL ne. Makarantar sakandare tana iya zama da jami'in lafiya guda ɗaya, wata ma babu. Abin da ke kare shi a can doka ce da ta faro daga jihar Washington a 2009, mai ɗauke da sunan Zackery Lystedt, yaro mai shekara 13 da aka mayar fili bayan ya bugu a 2006 ya samu nakasa ta dindindin. Zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta: a fitar da yaron da ake zargin ya samu girgiza, kada ya dawo sai da izinin ma'aikacin lafiya. Dokar tana da kyau, amma ita ma buguwar da ake gani take magana a kai. A 2023 masu binciken Boston sun duba ƙwaƙwalwar 'yan wasa 152 da suka rasu kafin shekara 30, suka samu CTE a 63, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama ƙwararru ba. Nan ma iyalai ne suka kawo, don haka ba ma'aunin kowa ba ne, amma ya nuna ba sai an kai NFL ba.

Da ni ne, a shekara 13 zan sa shi a nau'in da ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta auna yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ta ga matsakaicin bugun kai a kaka 378 ne ga masu wasan kayarwa, 8 kacal ga masu na ƙyalle. Ba wasan raini ba ne, za a buga shi a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma gudu da jifa da kama ƙwallo duk zai koya a ciki. Kowace shekarar da ka jinkirta masa wasan karo ka rage daga jimillar da muka yi magana a kai. Idan ya girma kaɗan ya nace, kuka kuma yanke shawarar barinsa, je ka ga kocin da kanka. Tambaye shi minti nawa ake karo a atisaye kowane mako, ko akwai jami'in lafiya a atisaye ba ranar wasa kaɗai ba, da kuma wa ke da ikon cewa yaro ya koma fili. Idan ya ce shi ne, ka nemi wata ƙungiya. Ka kuma duba matsayin da za a sa shi, domin ɗan sahun gaba da mai tsayuwa can gefe ba bugu ɗaya suke sha ba. Kada ka bari ya haɗa ƙungiya biyu a kaka guda.

Ranar da ya bugu kuwa, ko da zato ne, wasa ya ƙare masa a ranar. Ya huta kwana 1 zuwa 2, ya rage kallon waya da talabijin, daga nan ya fara 'yar tafiya da ƙafa, domin kulle yaro a ɗaki mai duhu na makonni tsohon yayi ne da aka gano yana ƙara jinkirta warkewa. Yana iya shan farasitamol, amma a guji asfirin da ibufurofen a ranar farko. Ya koma aji ya iya karatu babu ciwon kai kafin a yi zancen fili, komawa filin kuma mataki-mataki, da takardar likita. Idan ciwon kan yana ƙaruwa, ko yana amai a kai a kai, ko barci ya danne shi har tashinsa na wuya, ko ya yi jijjiga, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, wannan na iya zama alamar zubar jini a cikin kai. Ka kira lambar agajin gaggawa ta 911 nan take, kada ka jira gari ya waye.